Daga gangar bayi zuwa zouk: kiɗan tsibiran Gwadalup da Martinik

Duk wanda ya yi samartaka a Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram tsakanin 1985 da 2000 ya san kiɗan zouk, ko da bai riƙe sunansa ba. Ana sa shi wajen bal, ana jinsa a radiyo da dare, masu saida kaset kuma sun ci kasuwa da shi. Da yawa sun ɗauka kiɗan Abijan ne ko na Gabon, tunda ta can kaset ɗin ke biyowa. To ba can ne asalinsa ba. An haifi zouk a wasu ƙananan tsibirai biyu na tekun Karibiyan, Gwadalup da Martinik, kuma a ƙarƙashinsa akwai wata tsohuwar ganga da jikokin bayi suka riƙe fiye da shekara ɗari uku, har lokacin da ƴan uwansu ma ke jin kunyarta.

Ina ne waɗannan tsibirai?

Suna gabas da Amurka ta Tsakiya, kusan kilomita 7000 daga Paris. Kowanensu mutanensa ba su kai 400,000 ba, wato Yamai ita kaɗai ta fi su yawa in an haɗa su duka biyu. Gwadalup a taswira kamar malam buɗe littafi take, fiffike ɗaya Basse-Terre mai duwatsu, ɗayan Grande-Terre mai gonakin rake, babban garin kasuwancinta kuwa Pointe-à-Pitre. Martinik na kudu da ita, babban birninta Fort-de-France. Waɗanda suka yi lakkol mai zurfi sun san sunan Aimé Césaire da Frantz Fanon, to ƴan Martinik ne.

Faransawa sun kama tsibiran a 1635. Suka kori ƴan asalin wurin ko suka kashe su, suka shiga noman rake, suka riƙa jigilar bayi daga gaɓar Afirka: Senegambiya, yankin Dahomey, ƙasar Ibo, Kongo da Angola. An soke bauta a Gwadalup a 1794, Napoleon ya maido da ita a 1802, sai a watan Mayu na 1848 aka soke ta har abada a tsibiran biyu. Daga 1946 suka zama jahohin Faransa na ƙetare. Har yau ba ƙasashe ne masu cin gashin kansu ba, kuɗinsu yuro ne, harshen ofis da lakkol Faransanci, amma a gida da kasuwa Kireyol ake yi, harshen da ya tsiro a gonakin rake. Ku riƙe wannan batu na harshe, don za mu sake cin karo da shi.

Gangar da ake kira ka

Bawa bai haye teku da ganga a kafaɗa ba. Abin da ya haye da shi yana cikin kansa da hannuwansa. Da suka isa, sai suka samu gangunan katako da ake kawo nama mai gishiri da barasa a ciki, suka ɗaure bakinsu da fatar akuya. Wasu masana na cewa daga sunan wannan mazubi a Faransanci aka samo sunan gwo ka, wato babbar ganga, wasu kuma na kai kalmar ka zuwa harsunan Afirka ta Tsakiya. Bahaushe dai ba zai yi mamaki ba, tunda mu ma da kalma ɗaya muke kiran gangar mai da gangar kiɗa.

Dokar bauta ta Faransa, Code Noir ta 1685, ta hana bayin iyayengiji dabam-dabam taruwa wuri guda, dare ko rana. Duk da haka ana taruwa. Wani limamin Kirista, Père Labat, da ya zauna a tsibiran tun daga ƙarshen ƙarni na 17, ya rubuta labarin wata rawa mai suna kalenda da bayi ke yi da ganguna biyu, babba da ƙarama, ya ce daga gaɓar Gini ta zo. Shi yana ƙyamarta ne, amma rubutunsa ya zama shaida cewa tun wancan zamani tsarin kiɗan ya zauna.

Ga yadda abin yake a Gwadalup har gobe. Ganguna iri biyu ne. Akwai boula, mai kauri da zurfin murya, wadda bisa al'ada ake ɗaure ta da fatar bunsuru. Ana kwantar da ita ƙasa, makaɗi ya hau kanta ya zauna, aikinta riƙe ƙugun kiɗa ba canji. Yawanci biyu ake sawa. Sannan akwai makè, mai siririyar murya, da fatar akuya mace, wadda makaɗi ke tsayar da ita tsakanin ƙafafunsa. Ana haɗa su da caki na duma mai suna chacha, da tafi, da mai ba da waƙa da ƴan amshi. Wanda ya saba da kiɗan noma ko kiɗan ƴan mata a dandali zai gane wannan tsari nan take: ɗaya ya bayar, taro ya amsa.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne zaman da ke tsakanin mai rawa da mai makè. Jama'a na yin da'ira, mutum ɗaya ya faɗo tsakiya, ya fuskanci makaɗi. Daga nan ba mai rawa ke bin ganga ba, ganga ke bin mai rawa. In ya jefa ƙafa, makaɗi ya buga daidai da ƙafar. In ya yi kamar zai faɗi ya tsaya cak, makaɗi ya tsaya da shi. Gwanin rawa na ƙoƙarin ya ruɗa makaɗi ya sa shi kuskure gaban mutane, gwanin makaɗi kuma na karanta jikin mai rawa kafin ya motsa. Sunan makè ma daga nan ya fito, wato mai sa alama. Wannan gasa ta ido da ido ita ce gishirin gwo ka, kuma faifai ba ya iya ɗaukar ta yadda take.

An saba ƙirga kiɗan gwo ka kashi bakwai, kowane da yanayinsa. Toumblak na farin ciki ne da soyayya, shi ya fi saurin shiga kunne. Kaladja na baƙin ciki ne. Graj ya fito daga aikin gurzar rogo, padjanbèl ana danganta shi da saran rake, woulé ma kiɗan aiki ne mai tafiya a hankali, menndé kuwa na tafiyar taro ne a kan titi. Na bakwai shi ne léwòz, wanda makaɗa ke cewa ya fi wuya, kuma da sunansa ake kiran daren kiɗan gaba ɗaya. A da, ranar da aka biya leburorin rake kuɗin aikinsu ake kwana ana léwòz, daga bayan faɗuwar rana har asuba, ana saida abinci a gefe.

Akwai kuma wani abu da ba a cika jinsa wani wuri ba. A zaman makoki, musamman a ƙauyukan Grande-Terre, ba a buga ganga. Maza ne ke tsayawa su riƙa fitar da sautin ganga da maƙogwaro da numfashi, ana tafi, mai waƙa na bayarwa a sama. Sunansa bouladjèl, wato boula ta baki. A irin wannan dare har kokowa ake yi, mai suna sové vayan. Ƙungiyar Kan'nida ta dangin Geoffroy ita ta fitar da wannan salo zuwa faifai da manyan dandamali.

Bayan 1848, da masu gonaki suka rasa bayi, sun kawo leburorin kwantaragi daga Indiya da kuma wasu dubbai daga Kongo. A garin Capesterre-Belle-Eau akwai zuriyar waɗannan ƴan Kongo da ke yin bukin tuna kakanni mai suna grap a kongo kowace ranar 1 ga Nuwamba, da waƙoƙin da har yanzu kalmomin Kikongo ke cikinsu.

Bèlè da danmyé a Martinik

A Martinik sunan kiɗan bèlè. Makaɗi na hawa gangar ya zauna, yana bugu da hannu, yana danna fatar da diddigen ƙafa don ya canza mata murya, aikin da mai kalangu ke yi da hamata da tsarkiya. A bayansa wani na bugun jikin gangar da ƴan sanduna biyu, tibwa, kuma shi ne ke aza ma'aunin da kowa zai bi. A arewacin tsibirin, wajen Sainte-Marie, mutum takwas ke rawar, maza huɗu mata huɗu, a wani tsari da suka aro daga rawar Turawa ta kadril suka ɗora bisa ganga. Ti Émile da Ti Raoul Grivalliers na cikin manyan muryoyin da aka sani.

Masu son kokowa da dambe ga naku: danmyé, ko ladja. Mutum biyu ne ke shiga fili ana yi musu kiɗa, suna rawa suna auna juna, sai naushi da shuri da kayarwa. Makaɗi na zuga su kamar yadda makaɗan ƴan kokowa ke yi a filayenmu. Hukuma ta daɗe tana hana shi, ya ja baya ƙwarai, yanzu kuma ana koyar da shi a ƙungiyoyi.

A birni wani abu ne dabam ya tsiro. Saint-Pierre, tsohon babban garin Martinik, nan aka haɗa kiɗan ganga da kayan busa na Turawa aka samu bigin. Ranar 8 ga Mayu 1902 dutse mai aman wuta, Pelée, ya hallaka garin, mutane kusan 28,000 suka mutu cikin ƴan mintoci. Bigin bai mutu da garin ba. Alexandre Stellio, mai busa kilarinet, ya kai shi Paris a 1929, ya cika gidajen rawa da shi.

Lokacin da ganga ta zama abin kunya

Nan ne labarin ya yi ɗaci. Bayan 1946 manufar kowa ita ce ya zama cikakken Bafaranshe. A lakkol ana hukunta yaro in ya yi Kireyol. Iyaye masu ɗan hali na hana ƴaƴansu zuwa wurin léwòz, ana kiran gwo ka kiɗan ƙauyawa da mashaya da marasa tarbiyya. Ba Bature kaɗai ke faɗin haka ba, baƙar fata ke faɗa wa ɗan uwansa. A ganina wannan ya fi dokar 1685 illa, don doka ana iya kauce mata cikin dare, amma wanda ya raina kayan gidansu da kansa zai aje su.

Rayuwar Marcel Lollia, wanda aka sani da Vélo, ta isa misali. An haife shi a 1931, kuma masana gwo ka na sa shi sahun farko na makaɗan da aka taɓa yi. Amma a titunan Pointe-à-Pitre ya ƙare rayuwarsa cikin talauci, yana kiɗa ana jefa masa ƴan kuɗi. Da ya rasu ranar 5 ga Yuni 1984, dubban mutane suka fito jana'izarsa da ganguna. Yau mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar birnin, kuma kowace Asabar makaɗa na taruwa kusa da shi su yi kiɗa.

Abin da ya juya lamarin siyasa ce. A ƙarshen Mayu 1967 magina suka shiga yajin aiki a Pointe-à-Pitre suna neman ƙarin albashi, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 8 suka mutu, wasu ƙididdigar na kai adadin gommai, kuma har yanzu ana jayayya a kai. Bayan wannan, ɗalibai da ƴan ƙwadago da masu neman ƴancin kai suka koma ga Kireyol da ganga a matsayin shaidar cewa su al'umma ce mai kanta. A yajin aikin leburorin rake na shekarun 1970 ana buga ka a wuraren taro. Robert Loyson ya yi waƙa kan wahalar manoman rake, Guy Konkèt ya shigar da gangar birni da zafin murya, Gérard Lockel kuma ya ɗauki gitar ya gina abin da ya kira gwo ka na zamani, yana cewa kiɗan na da ma'aunin sautinsa na kansa, ba sai ya jingina da na Turai ba. A ɓangaren karnabal, ƙungiyar Akiyo ta watsar da kayan ƙyalƙyali ta fito da gangunan fata da tafiyar dubban mutane a ƙasa. A Martinik, Eugène Mona, mai busa sarewar gora da ke hawa dandamali ba takalmi, ya yi irin wannan aiki.

Ko a 2009, lokacin babban yajin aikin da gamayyar LKP ta jagoranta kan tsadar rayuwa, wanda ya tsayar da Gwadalup kwana 44, ganga na gaban masu zanga-zanga. Babbar buƙatarsu ƙarin yuro 200 ne ga masu ƙaramin albashi, wajen jaka 131 ke nan a kuɗinmu na sefa.

Yadda aka ƙera zouk

A shekarun 1970, in ka shiga gidan rawa a Pointe-à-Pitre ko Fort-de-France, kiɗan baƙi za ka ji. Konpa na Haiti, wanda Nemours Jean-Baptiste ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1950, shi ke mulki, sai kadans na ƴan tsibirin Dominika irin su Exile One. Makaɗan gida na kwaikwayo ne kawai.

Pierre-Édouard Décimus, wanda ya daɗe a ƙungiyar Les Vikings ta Gwadalup, ya ƙudura a yi kiɗan da zai zama nasu, da Kireyol, amma a ɗauke shi da ingancin da zai yi gogayya da faifan Amurka. A 1979 a Paris, shi da Freddy Marshall suka jawo ƙanensa Georges Décimus mai gitar bas da Jacob Desvarieux, gwanin gitar da aikin situdiyo, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Senegal. Suka sa wa ƙungiyar suna Kassav', sunan wainar rogo a Kireyol, abincin talaka. Faifansu na farko ma sunan gangar ka na cikin sunansa, Love and Ka Dance.

Me suka zuba a tukunyar? Bugun gangunan karnabal na titi, tibwa na Martinik, ɗan bigin, tafiyar bas ta konpa da kadans, kayan busa masu kaifi irin na salsa, sannan na'urar kiɗa da piyano mai lantarki. Kalmar zouk kuwa tun da can tana nufin shagalin rawa na dare a unguwa. Mawaƙa suka shigo daga tsibiran biyu: Patrick Saint-Éloi daga Gwadalup, Jocelyne Béroard da Jean-Philippe Marthély da mai piyano Jean-Claude Naimro daga Martinik. Wannan haɗin kansa abu ne, don tsakanin tsibiran akwai ƴar tsama irin ta maƙwabta.

A 1984 faifan Yélélé ya fito da waƙar da ta kai sunan zouk duniya, wadda ke kwatanta kiɗan da magani. A 1985 suka cika zauren Zénith na Paris, suka kuma zo Afirka, inda Abijan da Luwanda suka tarbe su da taron da ya ba su mamaki. Sun ƙi sauya harshe duk da matsin kamfanonin faifai, da Kireyol suka ci gaba. Yaron da aka buga a lakkol don ya yi Kireyol ya wayi gari yana jin ƴan Afirka da Turawa na rera harshen ba tare da sun san ma'anarsa ba. A 2009 suka yi bukin cika shekara 30 a filin Stade de France. Patrick Saint-Éloi ya rasu a 2010, Jacob Desvarieux kuma cutar korona ta ɗauke shi ranar 30 ga Yuli 2021.

Zouk ya rabu gida biyu. Akwai mai zafi na karnabal, wanda Kassav' ta fi ƙwarewa a kai, akwai kuma zouk love mai sanyi da ake rawarsa biyu-biyu. Na biyun ne ya fi yaɗuwa, shi ne kuma ya jawo wa kiɗan suka, a can da nan, saboda yanayin rawar da kalaman wasu mawaƙa. Gaskiya daga baya an yi ta fitar da zouk love na na'ura zalla, mai kama da juna, wanda ba ka jin ƙamshin ganga a ciki ko kaɗan.

A Afirka kiɗan ya yi ƴaƴa. Monique Séka ta Kodebuwa da Oliver N'Goma na Gabon sun yi suna da afro-zouk, ƴan Kap Ber suka yi nasu da Kireyol ɗinsu, a Angola kuma ya gauraya da semba aka samu kizomba. Shi ya sa mai sauraro a Maraɗi ke iya rantsewa kiɗan na Afirka ne, kuma ta wata fuska bai yi ƙarya ba.

Inda ganga take yau

Tun ƙarshen shekarun 1980 ake yin bukin gwo ka kowane watan Yuli a bakin tekun Sainte-Anne. Akwai makarantun koyon ka da rawa a Gwadalup da kuma unguwannin Paris inda ƴan tsibiran ke zaune, kuma mata, waɗanda a da aka fi sani da rawa da amshi, yanzu suna hawa boula suna riƙe makè. A Sainte-Marie ta Martinik an buɗe gida na musamman don bèlè, inda tsofaffin gwanaye ke koyar da matasa.

A watan Nuwamba 2014 hukumar UNESCO ta sa gwo ka cikin jerin al'adun duniya da aka gada. An yi murna, amma ba kowa ba. Tunda Gwadalup ba ƙasa ba ce, da sunan Faransa aka shigar da takardar. Wasu makaɗa da ƴan kishin tsibirin suka ce ba su yarda gangar da aka buga don bijire wa Faransa ta koma kayan adonta ba, suna kuma tsoron a maida léwòz wasan ƴan yawon buɗe ido. Waɗanda suka shirya takardar, ƙarƙashin jagorancin lauya Félix Cotellon wanda ya kafa bukin Sainte-Anne, suka amsa cewa ba su da wata ƙofa sai wannan, kuma ƴan Gwadalup ne da kansu suka rubuta abin da ke ciki.